Yadda ake tsara filaye a garin gaɓar teku: misalin Keta

Garin Keta, a yankin Volta na ƙasar Ghana, yana zaune kan siririn rairayi, teku a gaba, tafki a baya. Duk garin da ke da irin wannan zama, ba da yanka fuloti ake fara tsara shi ba. Ana farawa da gano inda bakin ruwa zai kai nan da shekara 30 ko 50.

A tara tsofaffin taswirorin safiyo da hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban, a ɗora wani kan wani, a auna mita nawa teku ke ci duk shekara. A yi awon kashi-kashi, domin wata unguwa na zaizayewa yayin da wata ke tara yashi. A kafa turakun siminti, a riƙa aunawa daga gindinsu zuwa iyakar tumbatsar ruwa sau biyu a shekara. Tsofaffin masunta ma a zauna da su. Sun san inda gidaje da itatuwan kwakwa suke a da.

Lissafin tazarar da za a bari tsakanin gini da ruwa mai sauƙi ne: a ninka abin da teku ke ci a shekara da shekarun da ake so gini ya yi, a ƙara rarar da za ta tare igiyar ruwa ranar hadari. Misali, idan mita 2 ne kuma ana son shekara 50, mita 100 ke nan kafin rarar. Tsakanin wannan layi da ruwa kada a ba da izinin ginin bulo. A bar wurin ga kwalekwale, shanyar koma da rumfunan bandar kifi, abubuwan da za a iya ɗagawa.

Kada a manta da bayan gari. Ambaliyar 2023, lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo da ke kan kogin Volta, ta baya ta zo wa garuruwan ƙasan kogin, ba ta teku ba. Don haka a auna tsayin ƙasa, a ware fadama da hanyoyin ruwa a taswira da launin da kowa zai gane. Cike fadama da ƙasa don a sami fuloti yana tura ruwan ne gidan maƙwabci.

Katangar duwatsu tana da amfani, amma a san farashinta. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana jan yashi daga yamma zuwa gabas. Katangun da aka miƙa cikin teku a Keta a farkon shekarun 2000 sun tsare garin, sai zaizayar ta tsananta a ƙauyukan gabas, irin su Agavedzi da Salakope, waɗanda tumbatsar Nuwamban 2021 ta raba mutanensu da gidajensu. Tsarin da ya tsaya a iyakar gunduma ɗaya gurgu ne. Dole a zauna da gundumar da ke gaba. Ɗibar yashin gaɓa don gini kuwa a hana shi gaba ɗaya, a nuna wa masu tifa wani wurin.

Inda aka fi yin sakaci shi ne filin faɗaɗa gari. A nemi tudu tun kafin ya yi tsada, a fitar da hanya, makaranta, asibiti, kasuwa da maƙabarta kafin a sayar da fuloti ko ɗaya. Yawancin filayen Ghana suna hannun sarakuna da dangi, saboda haka taswirar da masu ƙasa ba su sa hannu ba takarda ce kawai. Kuma masunci ba zai zauna nesa da kwalekwalensa ba: idan babu hanya mai kyau daga sabuwar unguwa zuwa bakin ruwa, zai koma inda ya taso.

Ruwan ƙasa a rairayi kusa yake. Masai mai zurfi yana gurɓata rijiya, yawan zuƙo ruwa da inji kuma yana jawo zartsi. A tsara masai mai rufaffen tanki, a ƙayyade yawan rijiyoyin burtsatse.

Dokar tsara amfani da filaye ta Ghana ta 2016 ta tanadi matakai uku: babban tsarin gunduma, tsarin gari, da tsarin unguwa mai nuna kowane fuloti. Layin tazarar sai ya shiga na ukun, domin shi jami'in majalisar gunduma ke dubawa kafin ya ba da izinin gini. A sake awon gaɓa duk shekara 5, a matsar da layin idan teku ya matso.