Yadda na gyara gaɓar kekena mai ninkewa

Kekena irin mai taya inci 20 ne, wanda firam ɗinsa ke ninkewa biyu daga tsakiya har ya shiga bayan ƙofa. Kwanakin baya ya fara ƙara duk lokacin da na danna feda da ƙarfi, musamman a hawan tudu. Da na riƙe burkin gaba na girgiza shi, sai na ji wasa a gaɓar tsakiya.

Wannan gaɓar ita ce ke ɗaukar nauyin mahayi. Abin da ke riƙe ta wani hannu ne mai jan siririn ƙarfe, yana matse fuskokin firam biyu wuri guda. Idan notin ƙarfen ya saki, hannun zai rufe salin alin, fuskokin su riƙa goga juna. Ƙurar hunturu kuwa ta cika tsakaninsu.

Na buɗe keken, na wanke fuskokin da kananzir, na shanya. Giris kaɗan na sa wa ƙusar da gaɓar ke juyawa a kanta. Sannan na ɗaure notin da sifana, kwata-kwatan juyi, ina gwada hannun kowane karo. Daidai shi ne hannun ya fara turjiya a rabin hanya, ya rufe da tafin hannu. Idan sai ka hau shi da ƙarfin tsiya, ka wuce gona da iri, kuma firam ɗin alminiyum na iya tsagewa a bakin walda. Na haska wurin da tocila, babu tsaga.

Ƙarar ta ɗauke. Yanzu kafin in hau, sai na tabbatar ɗan makullin da ke hana hannun buɗewa ya shiga.