Yadda ake gano gocewar kafaɗar dama, a rubuta ta a fayil, a ba ta lambar cuta

Da ganin mai gocewar kafaɗa ka san shi, zai shigo ya tallafo hannun dama da na hagu, kafaɗar ta baje ba ta da wannan zagayen nata, in ka danna ƙasan ƙashin saman kafaɗar sai ka ji rami inda kan ƙashin dantse ya kamata ya zauna.

Da farko tambaye shi yadda abin ya faru. Faɗuwa daga mashin ce, ko ƙwallo, ko an murɗe hannun? Kuma ya taɓa yi masa a baya? Sama da kashi 90 cikin 100 gaba ƙashin ke gocewa, amma in aka ce maka farfaɗiya ce ta kada shi ko lantarki ya ja shi to ka zargi gocewar baya, ita ce ke yawan kuɓuce wa likitoci don a hoton eksire da aka ɗauka ta gaba kamar lafiya lau take fitowa.

Na biyu, kuma don Allah kar a tsallake wannan, duba jijiyoyi kafin kowa ya ja hannun. Ka shafa fatar gefen dantse daga sama ka ce masa "kana jin nan?", ka taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya motsa yatsu. Rubuta abin da ka samu nan take, bayan an mayar da ƙashin ka sake dubawa ka sake rubutawa. Da yawa sai sun biya wajen mai ɗori an jajja hannun kafin su iso asibiti, in ba ka rubuta halin da ya zo da shi ba, gobe hannu ya mutu ba mai iya cewa yaushe jijiyar ta taɓu.

Sai eksire, a ɗauka ta fuska biyu aƙalla, kafin gyara da bayan gyara, a duba ko akwai karaya tare.

A fayil dole a ga ɓangaren (dama), inda ya goce, gocewa ce gaba ɗaya ko ɗan zamewa, sanadi, da maganin da aka ba shi wajen gyaran. Mai sa lamba a sashen rekod ba shi da hurumin yin hasashe, abin da likita ya rubuta shi zai bi.

To lambar. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, S43.0 ce kawai, ba ruwanta da dama ko hagu. Amma ICD-10-CM, sigar kundin da Amurka ta koma kai ranar 1 ga Oktoba 2015 ta fi tsanani: gocewar gaba a dama S43.014, ta baya S43.024, ta ƙasa S43.034, in likita bai faɗi inda ya goce ba sai dole a faɗa S43.004, wadda gaskiya ba na son ganinta a fayil ɗin da eksire ke ciki. Harafin da ake ƙarawa a ƙarshen lambar nan ake yawan ruɗewa, A ba wai zuwan farko take nufi ba, tana nufin ana kan ainihin jinyar ne, D lokacin da yake dawowa bibiya yana warkewa, S kuma larurar da raunin ya bari daga baya. Kenan mai gocewar gaba a dama da aka mayar wa ƙashi yau S43.014A ne.

Wanda kafaɗarsa ta saba fita tana komawa, lambarsa M24.411. Aikin gyaran kuma a tsarin CPT na Amurka, wato lambobin ayyukan da likita ke yi, 23650 ne in ba a sa shi barci ba, 23655 in sai da aka sa. In jijiyar nan ta gefen dantse ta taɓu ana ƙara mata tata lambar daban, S44.31XA.