Yadda Ake Magance Duhu a Kusurwoyin Hoto

Masu ɗaukar hoton biki a Damagaram sun yawaita tambaya kan yadda za a kawar da wannan duhun, ga matakan:

1. Ɗauki hoton farin bango da rana, ka duba kusurwoyi huɗu.
2. Cire hular da ke gaban lens. Idan ta zauna a karkace, kusurwa biyu ne ke yin baƙi.
3. Kwance filta. Biyu a jere sau da yawa su ne masu laifi.
4. Mayar da ƙofar haske (ramin da haske ke shiga cikin lens) daga f/2.8 zuwa f/8, wato ka rage faɗinta.
5. Matsa zum daga 18mm zuwa 24mm.
6. Duhun a ƙasa kaɗai yake? Inuwar lens ce da hasken filashi ya haifar, kashe filashin kyamarar.
7. Idan baƙin zobe ya kewaye hoton, lens ɗin APS-C ne (wanda aka yi don kyamara mai ƙaramin sensa, wato farantin da ke kama hoto) a kan kyamara mai babban sensa. Sauya shi.

Hattara: kada ka sauya lens a fili lokacin hunturu, ƙura za ta shiga ciki.