Yadda ma'aurata masu sana'ar kansu za su tsare jari a lokacin annoba

Kullen da aka sanya wa Kano a watan Afrilun 2020 saboda cutar korona ya faɗo ne dab da azumi, lokacin da teloli da 'yan Kantin Kwari ke sa ran cinikin kayan sallah. Gidan da miji da mata duka ke dogaro da sana'ar hannunsu ba shi da albashin da zai jira a ƙarshen wata, saboda haka jari ne ake fara ci idan kasuwa ta tsaya.

Tun kafin a rufe gari, ku zauna ku raba jari da kuɗin cefane, kowa ya san nasa. Sau da yawa shagon maigida ne ke fara rufuwa, alhali uwargida na ci gaba da sayar da awara ko ƙuli-ƙuli daga cikin gida, sai ciyarwa ta koma kanta ba tare da an tattauna ba. Dukiyar mace tata ce, don haka idan za a taɓa jarinta, a amince cewa rance ne, a rubuta adadinsa da lokacin biya kamar yadda addini ya koyar. A ganina wannan rubutun ya fi kowane tallafi amfani, domin shi ne zai sa ta sake ɗora tukunya bayan an buɗe gari.

Sannan ku duba wace sana'a ce ke rayuwa da taro. Lalle da kitson amare da girkin biki sun tsaya cak da aka hana taruka, amma telolin da suka koma ɗinkin takunkumin fuska sun samu na kashewa. A ranakun da ake sassauta kulle na 'yan sa'o'i, wanda zai fita ya sayo kayan aikin mutum biyu a tafiya ɗaya, a tallata kaya ta WhatsApp, a karɓi kuɗi ta banki. Tunda makarantu ma kan rufe, maigidan da ke zaune a gida ya riƙe yara a sa'o'in da matarsa ke aiki.

Idan kuna adashi, ku nemi uwar adashi ta rage zubi maimakon ku fice. Kowannenku kuma ya mallaki asusun banki da lambar BVN da sunansa, domin tallafin naira 30,000 da gwamnatin tarayya ta ba masu sana'ar hannu a shirin Survival Fund ta asusun mai sana'ar aka biya shi.