Yadda za ka sa hitar ruwa mai aiki da rana a gidanka

Jama'a a fara gane wani abu tukunna, wannan ba irin sola ɗin nan bane da ake haɗawa da batir da inbata a kunna fanka, shi zafin rana kawai yake kamawa ya dafa ruwa, ko an ɗauke wuta sati guda ruwanka na nan da ɗuminsa in dai rana ta fito.

Iri biyu ake samu, akwai mai faranti da gilashi a sama, akwai kuma mai dogayen bututun gilashi, ni wannan na biyun nafi so saboda ko da sanyin hunturu yana riƙe zafi sosai. Tankin dole ya zauna sama da bututun domin ruwan zafi sama yake hawa na sanyi ya sauko, shi ya sa baya buƙatar injin tura ruwa. Ka lissafa kamar lita 40 zuwa 50 kan kowane mutum, gidan mutum huɗu kenan lita 200 ta isa, amma fa lita 200 kilo 200 ce banda nauyin ƙarfen, to dan Allah kar ka ɗora shi kan kwano haka kawai, ka kira kafinta ya duba katakon ko a ƙera masa mazauni na ƙarfe.

A juya fuskarsa kudu, a ɗan karkata shi, a Kano da take wajen digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya karkatar digiri 15 ta yi, kuma ka duba kar inuwar bishiya ko katangar maƙwabci ta rufe shi.

Bututun da zai kai ruwan zafi cikin gida a sa na roba mai jure zafi da ake kira PPR a naɗe shi don kar ruwan ya huce, na roba da aka saba wato PVC laushi yake yi in ya ji zafi. Abin da yafi damuna kuwa shine yara, ruwan nan yana wuce digiri 60 wallahi yana ƙona fata, a sa famfon da ke gauraya shi da na sanyi. In tankin ya bushe kar ka cika shi da tsakar rana bututun gilashin na iya fashewa, bari sai da asuba. Lokacin ƙura a goge gilashin duk sati, masu ruwan burtsatse kuma su wanke ciki duk shekara saboda farin ƙanzon da ke taruwa.