Yadda Za a Riƙe Ragamar Canje-canje a Aikin Manhaja

Lokacin da gwamnatin Gana ta fara karɓar harajin E-Levy, wato harajin tura kuɗi ta waya ko intanet, a watan Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari ne. A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1, a Afrilun 2025 kuma aka soke shi baki ɗaya. Duk wanda ya gina manhajar da ke lissafa kuɗin MoMo ga 'yan kasuwar Nima ko Mamobi sai da ya taɓa wannan adadi har sau uku. Na ga wani ƙaramin ofishi a nan Akra inda aka rubuta adadin a wurare daban-daban cikin manhaja, aka gyara wasu aka manta da ɗaya, har sai da wata hajiya mai sayar da atamfa ta zo da rasidinta a hannu tana cewa lissafi bai yi daidai ba.

Matakin farko na kauce wa irin wannan kuskure shi ne a tara duk abin da manhaja ta dogara da shi a rumbu guda. Git, manhajar da ke riƙe irin wannan rumbu da tarihin duk canjin da aka yi a cikinsa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kyauta ne, kuma yana aiki ko babu intanet, sai dai ya kamata a riƙa tura kwafi zuwa shafukan ajiya na intanet irin su GitHub ko GitLab kullum kafin a tashi aiki. Rumbun ba na rubutun manhaja kaɗai ba ne. A saka fayilolin saiti, da tsarin ma'ajiyar bayanai, da jerin manhajojin wasu da aka aro tare da lambar sigar kowacce. Adadi irin na haraji a fitar da shi zuwa fayil ɗaya na saiti. Kalmomin sirri da mabuɗan biyan kuɗi ne kawai ba sa shiga, domin ko an goge su daga baya, tarihin Git yana riƙe da su.

Sannan kada kowa ya taɓa babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar a cikin Git, kai tsaye, ko da shi ne mai kamfanin. Kowane canji a buɗe masa reshensa, wato kwafin aiki na gefe, a ajiye shi kaɗan-kaɗan, a rubuta dalilinsa. A ganina nan ne aka fi sakaci: "na gyara" ba bayani ba ne, alhali "an rage haraji zuwa kashi 1 bisa sanarwar gwamnati" zai amfani wanda ya gaji aikin bayan shekara biyu. Kafin a haɗa reshen da babba, wani abokin aiki ya karanta shi, a kuma gwada. Yaro ya duba aikin babba ba raini ba ne, idan an amince da haka tun farko.

Duk sigar da za a kai wa masu amfani a ba ta lamba, kamar 2.4.1: ta ƙarshe don ƙaramin gyara, ta tsakiya don sabon aiki, ta farko don canjin da ba zai yi daidai da tsohon tsari ba. A tabbatar kowace sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ta karɓi siga iri ɗaya, domin a 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda ɗaya daga cikin sabarsa takwas ba ta samu sabuwar siga ba. Kafin a saki sabuwa, a gwada komawa tsohuwar a kan kwamfutar gwaji, a rubuta matakan a cikin rumbun.