Yadda zaka fara sayen gem a kwamfuta ba tare da an kulle maka shi ko an kwashe bayananka ba

Wani ƙanina ya daɗe yana tara kuɗi har Allah yasa ya samu laftof tokumbo mai ɗan ƙarfi, ya sayi gem ɗin da ya jima yana mafarkinsa, kwana uku yana tashi cikin dare yana saukewa da datar dare, gig sittin da wani abu. Ranar da ya gama muka tafi ƙauye biki ya ɗauki laftof ɗin zai nuna wa yara, yana kunnawa sai ga wani ɗan akwati ya fito wai sai ya haɗa da intanet kafin a tabbatar nashi ne, gashi garin ko sabis na kira da ƙyar ake samu. Na ga yadda fuskar yaron nan ta canza, yara sun zagaye shi suna jira shi kuma yana ta danna abu ɗaya. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don kuɗinsa ya biya na halak, shi yasa nace bari in rubuta abinda ya kamata duk sabon shiga ya yi tun kafin ya cire ko sisi.

Mataki na farko: ka gane me kake saya

Yawancin shagunan gem na intanet ba gem ɗin suke sayar maka ba, izinin bugawa suke sayar maka, wato lasisi. Su kansu basa ɓoyewa, tun 2024 Steam, babban shagon gem na intanet, yake rubuta hakan a wajen biya bayan jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka akan a daina cewa mutane sun saya alhali lasisi ne. Kuma a ƙa'idar Steam asusunka naka ne kai kaɗai, ba'a sayar dashi ba'a kyautar dashi, ko gadonsa ba'a yarda a yi ba.

Makullin da suke sawa a jikin gem don kar a kwafa shi ake kira DRM, kuma kala-kala ne. Akwai mai sauƙi wanda zai duba sau ɗaya ya ƙyale ka, akwai wanda lokaci-lokaci sai ya leƙa intanet, akwai kuma wanda in sabis ya ɗauke ko na minti ɗaya ne ya fitar da kai. Wanda zaka fi cin karo da sunansa shine Denuvo, wani kamfani a Ostiriya ya fito dashi a 2014, shi yana ɗaure gem ɗin da kwamfutarka ne kuma baya yarda a kunna a sabbin na'urori fiye da biyar cikin awa 24. In kana so ka ga ƙarshen inda abin zai iya kaiwa ka duba labarin The Crew, gem ɗin tseren mota na Ubisoft na 2014, a ƙarshen watan Maris 2024 suka kashe sabobinsa, wato kwamfutocin kamfanin da gem ɗin yake haɗuwa dasu ta intanet, duk wanda ya saya shikenan ya daina aiki ko kai kaɗai kake son bugawa. Abinda ya tayar da gangamin Stop Killing Games kenan, na masu neman a hana kamfanoni kashe gem ɗin da mutane suka riga suka saya.

Mataki na biyu: zaɓi shago

Steam shine babba, na kamfanin Valve ne, tun 2003 yake, kuma kusan duk gem ɗin da kaji ana magana yana can, ga ragin kuɗi da suke yi sau da yawa a shekara musamman wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. In ba gaggawa kake ba ka sa gem ɗin a wishlist, wato jerin waɗanda kake son saya, ka jira, zasu turo maka imel in farashin ya faɗi, kuma da yadda dala take yanzu wannan jiran ba ƙaramin abu bane.

Epic Games Store ya zo a ƙarshen 2018, abinda yasa nake cewa kowa ya buɗe asusu a can shine duk ranar Alhamis suna bada gem kyauta, kana danna karɓa ya shiga asusunka ko baka sauke ba, sai randa ka samu data.

Sai GOG, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya kafa a 2008. Ni dai a ganina ga mutumin da wuta da sabis basu da tabbas a wajensa babu kamar shi, saboda tsarinsu gaba ɗaya shine gem babu makulli, zaka sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye a inda kake so ka girka duk lokacin da ka ga dama ba sai ka nemi izinin kowa ba. Matsalarsa ɗaya, da yawa daga cikin manyan sabbin gem basa zuwa can, masu su basa yarda su saki abu babu makulli. Don haka abinda nake yi in ina son gem sai na fara duba GOG, in babu sannan in wuce Steam.

Kamfanonin gem irin su EA da Ubisoft da Rockstar kowa da nashi manhajar, kuma sau da yawa ko a Steam ka sayi gem ɗinsu sai sun sa ka buɗe wani asusun daban a wajensu, to kaga makulli biyu kenan akan ƙofa ɗaya.

Mataki na uku: buɗe asusun da kyau tun ranar farko

Ka buɗe sabon imel na gem kawai, kar kayi amfani da wanda bankinka da takardun makarantarka suke ciki. Sunan da zai fito fili kar ya zama cikakken sunanka ko ya haɗa da shekarar haihuwarka, kalmar sirri kuma kar ta zama wadda kake sawa a Facebook. Daga nan ka sauke manhajar Steam a waya ka kunna Steam Guard, shi zai sa duk mai son shiga asusunka sai an tambayi wayarka, zai baka wata lamba ta ko-ta-kwana, rubuta ta a takarda da biro ka ajiye a gida don ranar da waya ta faɗi ko aka sace. Epic ma suna da irin wannan tabbatarwa ta biyu, kunna ta.

Ƙasar da kake zaune ita zaka sa. Nasan za'a baka shawara ka sa VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake, kace kana wata ƙasa don farashi yayi sauƙi, wannan ya saɓa ƙa'idar Steam kuma zasu iya taƙaita maka asusu, duk abinda ka tara a ciki ya shiga haɗari saboda 'yan daloli. In katinka na naira yaƙi wucewa akwai katin kuɗi na Steam da ake lodawa, amma ka tabbatar wajen amintacce ka saya kuma kuɗin da ke jikinsa zai shiga asusun ƙasarka. Shafukan nan masu sayar da lambar gem da arha kamar an tsinto, wasu lambobin da katin sata aka sayo su, in mai katin ya kai ƙara sai a janye gem ɗin daga asusunka kuma ba wanda zai biya ka.

Mataki na huɗu: karanta gefen dama kafin ka biya

Wannan ne matakin da ƙanina ya tsallake kuma shine mafi muhimmanci. A shafin kowane gem a Steam in ka gangaro kaɗan, ta hannun dama ƙarƙashin inda aka jera ko na mutum ɗaya ne ko na taro, akwai wasu 'yan akwatuna da rubutu ƙanana. Nan suke faɗa maka in akwai Denuvo ko wani makullin na daban, nan suke faɗa in sai ka buɗe asusun wani kamfani, kuma tun ƙarshen 2024 Valve ya wajabta wa masu gem su rubuta in suna da manhajar kama maguɗi mai shiga can cikin zuciyar Windows. Minti ɗaya zai ɗauke ka. Ka gangara ƙasa kuma ka duba girman gem ɗin, manyan na yanzu wasu sun haura gig 100, ka lissafa kuɗin data a cikin farashin don wani lokacin datar tafi gem ɗin tsada. In shafin bai fito da bayanin sosai ba akwai shafin intanet mai suna PCGamingWiki, ka rubuta sunan gem ɗin zai nuna maka irin makullin da yake dashi a kowane shago.

Maganar manhajar kama maguɗi ɗin nan tana so a ɗan tsaya. Irin su Easy Anti-Cheat da BattlEye suna tashi ne in ka kunna gem, amma Vanguard na kamfanin Riot da ya zo da Valorant a 2020 an san shi da tashi tun kwamfuta tana kunnuwa, kuma yana zama a matakin da yake iya ganin abinda ke gudana a na'urar. Ban ce suna satar komai ba, aikinsu hana masu maguɗi ne kuma duk wanda ya taɓa haɗuwa da mai maguɗi a gem yasan zafin abin. Amma in laftof ɗin na ofis ne, ko shine kake ajiye lissafin shago da takardun mutane a ciki, ni bazan sa irin wannan a kai ba, kai ma ka auna.

In ka saya ka ga ba haka ba, Steam na maida kuɗi matuƙar bai wuce kwana 14 ba kuma baka buga awa biyu ba, Epic ma kusan haka, GOG kuwa kwana 30 suke bayarwa. To ka yi amfani da awa biyun nan, kana gama saukewa ka kunna sau ɗaya da intanet, ka fita, ka shiga menu na Steam ta sama hagu ka danna Go Offline, ka kashe data ɗungurungum ka sake kunna gem ɗin. In ya tashi Alhamdulillah. In yaƙi kuma kasan kai ba kullum kake da sabis ba, nemi kuɗinka tun lokaci bai ƙure ba.

Mataki na biyar: rufe labule

Danna sunanka a Steam ka shiga Edit Profile sannan Privacy Settings, anan zaka zaɓi wa zai ga gem ɗinka da abokanka da kayan da ka tara, ka maida su na abokai kawai ko kai kaɗai, akwai kuma wajen ɓoye yawan awannin da ka buga. Discord, manhajar hirar da 'yan gem ke amfani da ita, shi ma yana nuna wa mutane gem ɗin da kake kai a wannan lokacin, ana kashewa a saiti. Kashe tashin da Steam da Epic suke yi da kansu in an kunna kwamfuta, ka je Windows ka nuna masa cewa layin nan data ce mai ƙarewa don ya rage jan abubuwa a ɓoye. In gem ya tambaye ka ranar farko ko zaka yarda a riƙa tura bayanan yadda kake bugawa, kana da damar cewa a'a, kar ka danna yarda da sauri don kana ɗokin farawa. A 2018 an gano wata manhajar bin diddigin talla mai suna Red Shell a cikin gem da dama ba tare da masu bugawa sun sani ba, sai da mutane suka yi ca sannan kamfanoni da yawa suka cire ta.

Sai 'yan damfara. Wani zai turo maka saƙo yace wai yayi kuskure ya kai ƙarar asusunka za'a rufe, kayi magana da wani ma'aikacin Steam a Discord, ko ace ka shiga wani shafi ka zaɓi ƙungiyarsu a gasa. Duk ƙarya ne, ma'aikatan Steam basa bin mutum ta hira, kuma lambar Steam Guard ko ɗan uwanka ne ya tambaya kar ka bayar.

Mataki na shida: ajiye naka a hannunka

In a GOG ka saya, shiga shafinsu ta burauza ka buɗe jerin gem ɗinka ka nemi wajen sauke fayilolin girkawa na ba-intanet, manyan gem a gutsure suke zuwa wajen gig huɗu-huɗu, sauke su duka ka zuba a folda ɗaya a hadis na waje. Na Steam kuma ka danna dama akan gem ɗin ka shiga Properties sannan Installed Files zaka ga wajen yin ajiya, ranar da aka yi maka fomatin ba sai ka sake ƙona data ba. In abokinka yana da gem ɗin kuma kai ma ka saya, ku hau wayfai ɗaya Steam zai iya jawo fayilolin daga kwamfutarsa zuwa taka. 'Yan gida ɗaya kuma akwai Steam Families, mutum shida zasu iya raba gem ɗin juna.

Nasan wani zai ce duk wannan wahalar ta mene, ga masu ɗura gem a kasuwa da kuɗi kaɗan, kuma na fahimta, da yawanmu da haka muka fara don babu wata hanyar a lokacin. Amma mai ɗura maka kirak, wato gem ɗin da aka fasa makullinsa, abu na farko da zai ce shine ka kashe antibairos, kuma shi kansa bai san me aka cusa a ciki ba tunda shima saukowa yayi. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wani bairos da suka sa wa suna Crackonosh a cikin irin waɗannan gem ɗin, yana kashe tsaron Windows ya maida kwamfutar mutum injin haƙo kirifto ga wasu, kai dai zaka ji fanka tana ihu laftof yayi zafi batir baya daɗewa. In aljihu babu nauyi yanzu, ka fara da na kyautar Epic na Alhamis, ga Dota 2 da Counter-Strike 2 kyauta a Steam, ga shafin itch.io cike da ƙananan gem da yawa ba'a biyan komai.

Ƙanin nawa yanzu yana da wani ɗan hadis baƙi da ya manna wa salatif ya rubuta GOG a jiki da maka, da muka koma ƙauyen da sallah shi ya fara sawa a jaka kafin caja, a tsakar gida ya shimfiɗa tabarma ya girka wani tsohon gem na tsere babu ko ɗigon sabis, yaran suna karɓa ɗaya bayan ɗaya har batir ya mutu.